Ƙusa a Bangon Gidan Durowa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya fama da zafin walda? Mu nan lafiya, irin lafiyar da ake faɗa a bakin ƙofa. Na ba Dogo direba takardar nan tunda motarsa za ta koma masana'antarku. Kar ka ce me ya hana ni kira. Can wajenku sabis sai an hau tudu, nan kuma ka san kunnen Baba tun da idonsa ya tafi. Ko cokali ya faɗi a ɗakin maƙwabta sai ya ce na shayi ne.

Yaya, sun matsa mana bango.

Na san za ka ce ai dama haka gidan yake, ku ke ƙera shi. Ginshiƙai da daɓe da matakala ne kawai a tsaye, bangaye kuwa a kan layin ƙarfe suke, in mutane sun ƙaru a kwance noti a tura. Shi ya sa 'yan unguwa ke ce masa Gidan Durowa. To Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu ta hannun dama, ta yi baƙi. Ruwa ya cinye garin surukarta, ta zo da jikoki. Ofishin gidan ya ce mu biyu ne a ɗaki mai faɗi, za a rage mana kamu biyu a ƙara musu. Ban yi musu ba. Duk wanda ya ga yaran nan kwance a baranda ba zai iya buɗe baki ba.

Na yi yadda ka ce. Ranar aikin na kai Baba tasha wajen tsofaffin abokansa direbobi, ya wuni yana cika musu baki cewa duk shekarun da ya yi a kan sitiyari bai taɓa ɓata hanya ba. Kafin mu dawo an gama, an share, na roƙi maƙwabta su ja bakinsu. Da muka iso ya saki hannuna a ƙofa kamar kullum, don ba ya son a ja shi a cikin gidansa. Ya nufi gado da saurinsa. Ƙarar da goshinsa ya yi a jikin bangon nan har yanzu tana cikin kunnena.

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tayar min da hankali. Ya tsaya yana shafa bangon sama da ƙasa. Can ya ce, “Auta, an taɓa ɗakin nan ne?”

Na ce, “Wa zai taɓa, Baba?”

Ya ce, “To.”

Ka san Baba da musu. Mutumin da zai yi gardama da mai rediyo a kan inda gari yake, shi ne ya ce to ya zauna. Na sa masa magani a goshin. Abinci kaɗan ya taɓa. Tun ranar, in zai tashi sai ya miƙa hannu gaba kamar baƙo, kuma na kama shi yana auna tsakanin gado da ƙofa da ƙafa, yana motsa baki.

Yaya, mu faɗa masa. Da muka ce masa gidan bulo da siminti ne, na ɗauka ƙaryar kwana biyu ce har ya saba da wuri. Ban san ni za a bari da ita ina ba ta abinci safe da yamma ba. Ina fita wanki asibiti tun safe, ina barin makaho a ɗakin da ke canza girma, gabana sai faɗuwa yake. Ka ba ni amsa ta hannun Dogo.

Allah ya tsare min kai. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode. Ki gaida Baba, ki ce masa mai walda yana nan yana ƙona yatsu.

Ke kam tun kina ƙarama in kaza ta yi atishawa sai kin kira jama'a. Goshi ne ya bugu, zai warke. Kwana kaɗan ƙafarsa za ta koyi sabon awo, ya manta.

Ki tuna inda muka fito. Gidanmu na farko titi ya bi ta kansa, Baba yana tsaye yana jin ƙarar katafila. Na biyu ruwa ya shiga mana har wuya. A sansanin nan da muka zauna, ke kina wajen ya ɗaga hannu ya rantse ba zai ƙara kwana a gidan da wani zai iya ɗagawa ko turawa ba, gara ya kwanta a gindin gada. Kin san in ya rantse ya rantse. In kika faɗa masa yau, gobe zai ɗauki sandarsa ya sauka, to ina za ki kai shi? Ɗakin nan da ƙyar na samo shi, don ina cikin ma'aikata ne. Masu jira a layi sun fi gashin kanki.

Kuma ki daina ganin gidan kamar dodo. Garin nan kullum mutane shigowa suke, wani iyali ya ƙaru, wani ya ragu. Da irin ginin da ne, da surukar maƙwabciyarki tana kwana a titi yanzu. Bangon nan ni na san shi ciki da waje. An cika shi, an yi masa shafe mai kauri, ko magini sai ya ƙwanƙwasa ya sake ƙwanƙwasawa kafin ya gane. In an ɗaure noti, giwa ma ba ta ture shi. Baba ya fi zama lafiya a nan fiye da ko'ina da muka taɓa zama.

Abu ɗaya za ki riƙe: duk ranar da za su yi aiki, ki fitar da shi. In ya ji guduma, ki ce ginin maƙwabta ne. Ki ƙara jaddada wa mutanen hawanku, babba da yaro, kar wanda ya yi suɓul da baka. In na samu hutu zan zo in zauna da shi, in bi da shi a hankali. Magana ce ta maza, ki bar min ita.

Na aiko miki da man zafi da sabon takalmin Baba. Ki rage tsoro, yana sa tsufa da wuri, ga shi ko miji ba ki yi ba.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Takalmi ya iso, ya yi masa daidai, amma ba ya sawa. Yanzu ba takalmi yake yawo a gida, wai yana son ya ji ƙasa.

Ka ce zai manta. Bai samu damar mantawa ba, don sun sake yi. Wannan karon a dogon barandan hawanmu ne. An raba ɗakin wani tela maƙwabcinmu gida biyu saboda wasu sababbin zuwa, aka ƙara ƙofa ɗaya tsakanin matakala da tamu. Ina wajen aiki, ban ga sanarwar ba sai da na dawo. Baba ya taso daga masallacin ƙasa da azahar yana bin ƙofofi da hannu yadda ya saba, ya tura wadda ya san tamu ce, ya shiga, ya cire hula ya zauna a gadon mutane. Matar gidan tana shayar da jariri. Ta kurma ihu, mijinta ya taso da taɓarya.

Allah ya sa tela yana kusa. Shi ya ba ni labari. Ya ce Baba ya durƙusa a ƙasa, Yaya, Babanmu, yana ba yaron da bai kai ka ba haƙuri, yana cewa, “Ku yafe ni, tsufa ne, kaina ne ya fara.” Mutanen hawan duk sun fito sun yi cirko-cirko, kowa ya san gaskiya, ba wanda ya ce uffan. Ni na roƙe su. Da tela ya gama faɗa min ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jiya ina yi masa aski ya ce, “Auta, kina tuna Inna?” Na ce kaɗan-kaɗan. Ya ce tsohuwarsa da haka ta fara, da ɓata ɗaki a cikin gidan da ta haihu a ciki. Daga nan ta daina gane shi, tana ce masa ɓarawo. Daga nan ta fita wata rana ba ta dawo ba, sai a bakin rafi aka tsince ta. Ya faɗa min wannan da muryar da yake tambayar ruwan alwala. Na buɗe baki zan faɗa masa komai, wallahi har numfashi na ja, sai na tuna gindin gada, na ci gaba da askin.

Ga wani abu kuma. Na tarar da ƙatuwar ƙusa a bangon gefen gadonsa, daidai kafaɗa. Ban san inda ya samo ta ba, ban san da me ya buga ba. Na rataye mayafina a kai, ya daka min tsawar da ban taɓa ji ba, ya ce ko kallonta kar in sake yi. Safe da yamma sai ya shafa ta. Shekaranjiya suka zo suka ƙara matsa wannan bangon kaɗan, don surukar ta kwanta ciwo ana son wurin gadon asibiti. Na fitar da shi kamar kullum. Da muka dawo ƙusar ya fara nema. Ya same ta, ya riƙe ta ya daɗe, sannan ya koma ƙofa ya tako zuwa wajenta, ya sake komawa ya tako. Daga nan ya kwanta ya juya min baya.

Ya daina zuwa tasha. In ya idar da salla sai ya daɗe yana wata addu'a ƙasa-ƙasa, in na matso ya yi shiru. Ya rame, rigarsa har zamewa take a kafaɗa.

An manna takarda a matakala wai za a ƙara ɗakuna a jikin hawanmu daga waje, daga masana'antarku za a kawo. Ba su sa rana ba. Yaushe hutun naka? Ina jin tsoro, kuma wannan karon ba kaza ce ta yi atishawa ba.

Auta

*

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga mahaifinka zuwa ga ɗansa Mai Walda. Gaisuwa da sa albarka. Allah ya kare ka daga wuta da ƙarfe, ya sa ka gama lafiya. Tela maƙwabcinmu ne ke rubuta min, na sa shi ya yi alkawari ba zai gaya wa Auta ba. Yarinya ce, kayan da ke kanta ya ishe ta.

Bayan haka, ina sanar da kai ciwon Inna ya same ni. Ba na son ka ji a bakin wani.

Ban yarda da wuri ba. Na yi zaton ko ɗakin ne, har na tambayi ƙanwarka, ta ce ba a taɓa ba, kuma Auta ba ta yi min ƙarya. Duk da haka na ce bari in gwada, yadda nake gwada mota kafin in ɗora wa hanya laifi. Na kafa ƙusa a bango da hannuna. Na ce in bangon nan nawa ne, kullum zan same ta inda na sa ta. Na auna daga ƙofa zuwa wajenta na riƙe a kaina. To na dawo wata rana na sami ƙusata daram, tsayinta, lanƙwasarta, ba abin da ya canza, amma ƙafata ta ce min tafiyar ta ragu. Ƙusa ba ta da hankalin da zai gushe. Ni ne mai shi. Daga nan na sallama.

Ga abin da na yanke. Na daina yarda da ƙafata, da kunnena, da abin da kaina ke raya min. Duk sun zama kamar gilashin mota da ya tsage. Bango kawai na yarda da shi, tunda kai ka ce min siminti ne, kuma sana'arka ce. Inda ya bi nan zan bi. Kullum in Auta ta tafi aiki, da hantsi, nakan fita baranda in ɗora hannu a bango in bi shi har ƙarshe, inda ya tare hanya, in taɓa in juyo. Ina koya wa hannuna gidan ne, don ranar da kan ya tafi gaba ɗaya hannun ya riƙa dawo da ni. In wani abu ya ce min tsaya, ba na tsayawa sai na taɓa bangon ƙarshe. Da haka nake horar da kaina.

Roƙona gare ka, in na fara ce wa Auta ɓarauniya, ka zo ka ɗauke ni ka kai ni inda ake ajiye irinmu. Kar ka bari ta ga abin da na gani. Akwai kuma addu'ar da nake yi, wannan tsakanina da Ubangijina ce.

Ina jin tsoro, ɗana. Ban taɓa gaya maka haka ba ko ranar ruwa.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

Ni tela da na rubuta, na ƙara wannan bai sani ba. Auta ta ɗaure ni da alkawari, tsoho ya ɗaure ni da wani, na rasa inda zan sa kaina. Ba huruminmu ba ne mu maƙwabta, ku ne 'ya'yansa. Don Allah ku yi wani abu.

*

Auta,

Duk inda takardar nan ta same ki, ki ajiye abin da ke hannunki ki tafi gida. Na hau tudu na kira ki har batir ya mutu, na san wayarki tana kulle a akwatin wajen aiki.

Baba ya rubuto min, ga takardarsa na haɗa miki, ki karanta daga baya. Kullum da hantsi yana bin bangon baranda har ƙarshe, kuma ya ce ba ya tsayawa sai ya taɓa bangon ƙarshen.

Ɗakunan da za a ƙara muku su ne a bayan motar Dogo, da hannuna na gama waldarsu. Ki ji yadda ake aikin. Ba a jiran mota ta iso. Tun da safe ma'aikatan share fage ke zuwa su zare bangon ƙarshen baranda, don injin ɗaga kaya kar ya tsaya jira. Wurin yana zama a buɗe, hawa na huɗu, ba komai sai jan kirtani na roba da ake ɗaurawa don masu ido. Ana barin mutum ɗaya ya tsare, amma na san mutanenmu, da sun ji mota sai su sauka taya direba juyawa. Suna bin ƙofa-ƙofa su yi gargaɗi. Ƙofarmu kuwa mu muka koya wa kowa ya tsallake ta.

Na roƙi Dogo ya bar motar a bakin gari ya hau babur ya neme ki a asibiti. Na nemi izinin tafiya, sun ce sai an sauke kaya an dawo.

Ki faɗa masa. Ki faɗa masa duka, ki ce ni ne. In zai kwana a gindin gada ni zan kwana a gefensa.

Ki yi sauri, Auta.

Yayanki

*

Yaya,

Yana raye. Na fara da wannan don kar ka karanta sauran da irin zuciyar da na hau matakala da ita.

Dogo ya same ni ina shanya zannuwa. A tsaye na karanta, ban ko cire safar hannu ba muka hau babur. Da muka shawo kwanar layinmu na ɗaga kai. Sun riga sun zare shi. Ƙarshen hawanmu a buɗe kamar an cire wa gidan haƙori, jan kirtanin yana kaɗawa, mai tsaron yana ƙasa yana kore masu talla daga inda mota za ta tsaya. Sai na hango farar riga a cikin barandan tana tahowa a hankali, hannu ɗaya a jikin bango.

Na buɗe baki zan kira shi, Dogo ya damƙe min hannu. Ya ce, “Kar ki yi. In ya ji muryarki daga nan, nan zai nufo.” Gaskiyarsa. Na kwasa da gudu. Matakalar nan a rufe take, ba ka ganin komai sai bango, kuma duk hawan da na yi kunnena yana waje ina jiran ihun mutane. Ban san lokacin da takalmina ya fita ba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ma'aikacin ya zo ƙofarmu zai ƙwanƙwasa, Maman 'Yan Biyu ta tare shi ta ce, “Wannan ba a faɗa masa, bar min shi, zan sa ido.” Abin da na roƙe ta ta yi. Sai surukarta ta hau amai, ta shiga ta kama ta. Tela ya tafi sayen zare. Maman 'Yan Biyu tana ta kuka tana neman gafarata.

Na same shi a tsaye. Kirtanin ya miƙe a kan cikinsa har ya yi ƙugiya, yatsun ƙafarsa ɗaya a kan layin ƙarfen da bangon ya tashi daga kai, gaba da shi kuwa iska ce. Hannunsa na dama yana hancinsa. Ban yi magana ba, na zo ta baya na rungume shi na ja, muka zube tare a daɓe.

Bai firgita ba. Ya ce, “Auta ce?” Na ce ni ce. Ya miƙo min yatsunsa, baƙi ƙirin, suna maiƙo. Ashe hannunsa ya zo ƙarshe ya faɗa cikin ramin ginshiƙi inda bangon ke zamewa. Ya ce iska ta bugi fuskarsa ya ce ƙarya ne, ya ji hayaniyar titi a ƙarƙashinsa ya ce ƙarya ne, ya ɗaga ƙafa. Maiƙon nan ne ya kasa ƙaryatawa, don ya shekara nawa yana wanke shi daga farcensa.

Ya ce, “Me bango yake yi da giris?”

Na ƙara riƙe shi. Ya ce, “Ba a sa wa abu giris sai in tafiya yake yi.”

Na faɗa masa, a nan zaune a daɓe, mutane sun taru a kanmu. Layin ƙarfe, noti, kamu biyun da aka rage, ƙofar da aka ƙara, ranakun tasha. Na ce ƙusarsa tare da bangon aka tura ta. Ya ce, “Tun yaushe?” Na ce tun ranar da muka tare. Ya ce, “Wa ya sani?” Na duba fuskokin da ke kewaye da mu, kowa ya sunkuyar da kai. Na ce, “Kowa, Baba.”

Na jira rantsuwar, na jira ya ce a miƙo sanda. Bai ce ba. Ya tashi, ya ƙi hannuna, ya ƙi bango, ya taka tsakiyar baranda da ƙafarsa har ƙofarmu, ya tsallake sabuwar ƙofar bai taɓa ta ba. Ya nemi filaya wajen ma'aikata ya zare ƙusarsa. Da injin ya zo ya zauna bakin taga yana sauraron yadda ake ɗaga ɗakunan, har ya ce wa Dogo injinsa na neman juyen mai.

Yana cin abinci. Yana yi min magana, amma ta ruwa da sabulu kawai. In ya idar da salla yanzu ya fi da daɗewa, jiya na ga hawaye a gemunsa, kuma ban san dalili ba. Ni ko na rufe ido jan kirtanin nan nake gani.

Ya sa tela ya rubuta maka. Ban san me ya ce ba. Ambulan ɗin yana da nauyi.

Ƙanwarka

*

Mai Walda,

Sallama. Ga ƙusa nan, ka ajiye.

Kaina lafiya, na gode wa Allah. Gidan ba zan bar shi ba. Na yi rabin rayuwata a cikin abin da ke tafiya, da kun gaya min da na yi faɗa na gaji na zauna. Na sa Auta ta riƙa karanta min takardar matakala.

Addu'ar da na ce maka ina yi, ga ta. Tun ranar da na sami ƙusar nan a wurinta, bayan kowace salla nake roƙon Allah ya ɗauki raina kafin in zama Inna. Da gaske na roƙa, ina kuka, goshina a ƙasa. Ban taɓa roƙon wani abu haka ba.

Yanzu ina roƙon kar ya karɓa. Ni kaɗai ba na jin na isa. Ka zo ka taya ni.

Mahaifinka